Yadda Ake Kafa Tsarin Kare Yara a Kulob Ɗin Golf

Na daɗe ina riƙe da aikin kula da lafiya da mutuncin yara a kulob-kulob na golf, irin waɗanda mambobi ke wasa don sha'awa, ba na ƙwararru masu cin abinci da sanda ba. Duk wanda aka ɗora wa wannan aiki sabo, tambayarsa ta farko guda ce: daga ina zan fara? Abin da nake faɗa wa wanda ya zauna gabana shi na rubuta a nan.

Ka fara gane inda golf ya bambanta da sauran wasanni. A ƙwallon ƙafa yara suna fili guda, iyaye na tsaye a gefe, komai a idon jama'a. A golf kuwa rami 18 ne a warwatse cikin fili mai faɗin gaske, ga bishiyoyi, ga tuddai, ga kududdufai. Zagaye guda yakan ci awa huɗu da tafiyar kilomita 7 zuwa 10, kuma masu fita tare ba sa wuce mutum huɗu, wani lokaci ma biyu ne. Sannan akwai tsarin rangwamen bugu da ke daidaita gwani da ɗan koyo, wanda ya sa yarinya 'yar shekara 13 take iya shiga gasa guda da dattijo ɗan shekara 60, a haɗa su su fita tare. Wannan cuɗanya ta manya da yara ita ce daɗin wasan, kuma nan ne bango ya tsage. Aikinka duka ya taru a kan abu biyu: kada babba ya kaɗaita da yaro inda ido ba ya kaiwa, kuma kowane yaro ya san mutumin da zai kai wa kuka.

Idan na ce yaro, ina nufin duk wanda bai cika shekara 18 ba, mace ko namiji, kamar yadda Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta fayyace. Ko da ɗan shekara 17 ne mai gemu da ke doke kowa a kulob, yaro ne a wannan lissafi.

Abubuwan da za ka tanada

- Takardar manufar kulob kan kare yara, shafi biyu ko uku. Idan hukumar golf ta ƙasarku tana da samfuri, ɗauko shi ka gyara. A Ingila, hukumar England Golf tana da tsarin da ake kira SafeGolf, kuma ta mai da shi sharaɗi ga kulob ɗin da ke ƙarƙashinta. Inda babu irin wannan, takardun sashen kare yara a wasanni na ƙungiyar NSPCC ta Birtaniya, mai yaƙi da cin zarafin yara, suna nan a intanet, sun isa a yi koyi da su.
- Ƙa'idojin ɗa'a guda uku, kowace a shafi guda: ta koci da masu taimako, ta iyaye, ta yaran kansu.
- Fom ɗin amincewar iyaye.
- Rajistar shiga da fita.
- Fom ɗin rahoto, da littafi mai ɗinki wanda ba a iya cire masa shafi ba tare da an gane ba.
- Akwati ko durowa mai makulli. Idan a kwamfuta za ka ajiye bayanai, to a sa musu kalmar sirri da ba ta wuce mutum biyu ba.
- Akwatin taimakon gaggawa, ƙaho ko jiniya mai ƙarfi, da igiya ko alamomin roba na shata layi a filin atisaye.
- Lambobin waya: 'yan sanda, hukumar kula da walwalar yara ta yankinku, asibiti mafi kusa, da jami'in kare yara na hukumar golf idan akwai. Ka kira kowace lamba sau ɗaya tun kafin buƙata ta taso, ka tabbata ana ɗauka.
- Taswirar filin. Katin rubuta maki mai zanen ramuka ma ya wadatar.

Mataki na 1: Kwamiti ya amince a rubuce, a naɗa jami'i

Kada ka fara komai sai kwamitin kulob ya zauna ya amince da manufar, an shigar da hakan cikin rahoton taro, shugaba ya sa hannu. Dalili shi ne ranar da doka za ta hau kan babban mamba mai faɗa a ji, takardar nan ce za ta tsaya maka. In babu ita, sai a ce ra'ayinka ne kawai.

A wannan zaman a naɗa jami'in kare yara. Na fi son mutum biyu, mace da namiji, domin akwai maganar da yarinya ba za ta iya faɗa wa namiji ba, kuma idan ƙorafi ya shafi ɗayansu, akwai wanda za a je wa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ba kocin yara wannan muƙami, ko matarsa, ko amininsa, wai don su suka fi sanin yaran. Wanda ya fi kowa kusanci da yara ba zai zama mai sa wa kansa ido ba. Idan kulob ɗin ƙarami ne har aka rasa mutum na biyu, ku nemi jami'in wani kulob da ke kusa ya zama madadin, ku ma ku zame musu haka.

Bayan naɗi, a manna hoton jami'in da sunansa da lambarsa a inda yara ke wucewa: ƙofar ɗakin canza kaya, filin atisaye, wurin rajista. A manna shi daidai tsayin idon yaro. Kuma jami'in ya riƙa zuwa ranar atisayen yara suna ganinsa, suna gaisawa, don yaro ba ya buɗe cikinsa ga fuskar da bai saba da ita ba.

Mataki na 2: Ka zaga filin da ƙafa

Ɗauki taswira da biro, ka bi ramukan nan tun daga na farko har na ƙarshe, kana tambayar kanka a kowane wuri: idan wani abu ya sami yaro a nan, wa zai gani, wa zai ji? Ka sa alama a kan lungunan da bishiyoyi suka rufe, banɗakin tsakiyar fili, rumfunan fakewa, rumbun injinan yankan ciyawa da magungunan feshi, bakin ruwa mai santsi, inda hanyar jama'a ta ratsa fili, da wuraren da waya ba ta samun sabis. Ka shiga cikin gini ma: ɗakin ajiye jakunkuna, bayan shagon kayan wasa, da ɗakin koyarwa mai na'urar auna bugu, wanda galibi rufaffe ne kuma babu taga.

Wasu gyare-gyaren na yini guda ne, kamar sa gilashi a ƙofa ko datse reshe. Waɗanda ba sa gyaruwa kuma, sai a rufe su da doka: yaro ba ya shiga wurin sai da manya biyu.

Mataki na 3: Tantance duk babban da zai yi aiki da yara

Koci, mai taimaka masa, mai tuƙa yara zuwa gasa, mai shirya wasannin yara, kowa sai ya bi ta wannan ƙofa. Ya cika fom, ya kawo shaidar ko shi wane ne, ya ba da sunan mutum biyu da suka san shi waɗanda ba danginsa ba. Ka kira su da bakinka, kada ka tsaya ga wasiƙa. Tambayar da nake yi kai tsaye ce: "Akwai wani dalili da ka sani da zai sa ka ƙi barin ɗanka a hannun wannan mutum?" Sannan in yi shiru in saurara. Jinkirin amsa ma amsa ce.

Sai binciken tarihin laifi. A Ingila da Wales hukumar DBS ce ke yin sa tun 2012, a Sikotilan akwai tsarin PVG, wasu ƙasashe kuma takardar shaidar hali ce daga 'yan sanda. Ni nakan sabunta shi duk bayan shekara uku. Inda babu irin wannan hukuma ko kaɗan, sai mutum ya rubuta da hannunsa cewa ba a taɓa hukunta shi ko korarsa daga aiki kan abin da ya shafi yara ba, ya sa hannu, ka kuma tuntuɓi kulob ko makarantar da ya baro, sannan ya yi wata shida yana aiki a gaban wani kafin a sake masa ragama.

Gargaɗi mai muhimmanci: takarda mai tsabta tana nuna ba a taɓa kama mutum ba ne kawai. Larry Nassar, likitan tawagar wasan alkafura ta Amurka, ya yi shekaru da sunan kirki kafin kotu a Michigan ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175 a watan Janairun 2018, bayan mata fiye da 150 sun tsaya sun ba da bayanin abin da ya yi musu. A Ingila ma, sai a watan Nuwamban 2016 da tsohon ɗan ƙwallo Andy Woodward ya fito ya yi magana, ɗaruruwa suka biyo bayansa da labarin abin da koci-koci suka yi musu suna yara. Yawancin masu wannan ta'asa mutane ne da ake yabo, masu haba-haba, masu zuwa da wuri su tashi a makare. Shi ya sa ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Wanda ya shekara 30 a kulob zai iya jin haushi idan ka miƙa masa fom. Abin da nake yi shi ne in fara cika nawa, shugaba ya cika nasa a gaban kowa, sai maganar ta mutu.

Mataki na 4: Fom ɗin iyaye da rajista

Yaro ba ya taɓa sanda sai fom ɗinsa ya shigo. A ciki a rubuta ranar haihuwa, lambobin mutum biyu da za a kira, ciwon da yake da shi kamar asma ko farfaɗiya ko sikila, magungunan da yake sha, abin da jikinsa ba ya so, izinin ba shi taimakon gaggawa, izinin ɗaukar hoto ko ƙin hakan, da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi. Koci ya riƙe taƙaitaccen bayanin lafiya a jakarsa lokacin atisaye, don fom ɗin da ke kulle a ofis ba zai taimaki yaron da numfashinsa ya sarƙe a rami na 14 ba.

Rajista kuma a kira suna a farko, a kira a ƙarshe. Ka bayyana wa iyaye ƙarara lokacin da kulob ke ɗauke da nauyin yaro da lokacin da ba ya ɗauke. Lokacin hutun makaranta wasu sukan sauke yaro tun safe su dawo da yamma, suna zaton akwai mai kula da shi, alhali babu. Kwamiti ya tsayar da shekarun da yaro zai kai kafin a bar shi a fili ba tare da babba nasa ba, a rubuta, a sanar.

Game da yawan manya, ma'aunin da NSPCC ke ba da shawara shi nake bi: babba guda ga yara shida masu shekara 4 zuwa 8, guda ga takwas masu shekara 9 zuwa 12, guda ga goma daga 13 zuwa sama. Amma ko yara uku ne suka zo, manya biyu za su tsaya. Idan mutum na biyu bai samu zuwa ba, a roƙi wani daga cikin iyaye ya zauna yana kallo. Idan shi ma babu, a ɗage atisayen.

Mataki na 5: Dokar ido

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan zan daɗe. Cibiyar SafeSport ta Amurka, wadda aka buɗe a 2017, ta taƙaita dokar da kyau: duk wata hulɗa tsakanin babba da yaro ta kasance inda wani babba zai iya gani, kuma zai iya katse ta. Ga yadda ake aiki da ita a golf.

Haɗa rukunin gasa. Mai haɗa sunaye kada ya fitar da yaro guda da babba guda su biyu. A yi su uku ko huɗu, in so samu ne yara biyu a rukuni guda. Idan gasar ta mutum biyu ce ta kifa ɗaya ƙwala, uwa ko uba ko wani tantancen babba ya bi su yana tafiya a gefe. Matsalar takan taso ne da safiyar gasa, idan wani bai zo ba rukunin uku ya koma biyu. Ka koya wa mai sallamar 'yan wasa a ramin farko cewa a irin wannan hali yana da ikon sake haɗa rukuni, ko wa zai yi ƙorafi.

Darasin mutum guda. A yi shi a filin atisaye a sarari. Idan dole sai an shiga ɗakin na'ura, ƙofa a buɗe, iyaye a ciki.

Taɓa jiki. Koyar da golf yana buƙatar gyara riƙon sanda, tsayuwa, juyin kafaɗa da ƙugu, kuma a nan masu mugun nufi ke fakewa. Koci ya fara nunawa da jikinsa. Idan bai wadatar ba, ya yi amfani da kan sanda ko sandar saiti ya nuna wurin. Idan har sai ya taɓa, ya faɗi abin da zai yi, ya nemi izini: "Zan gyara miki hannun hagu, kin yarda?" Hannu da kafaɗa kawai, kuma daga gaba ko gefe. Tsayawa a bayan yaro a rungumo shi don a nuna masa lilon sanda, wannan na hana shi gaba ɗaya, babu darasin da ke buƙatarsa. Yaron da ya ce a'a, ko ya noƙe, a bar shi.

Ɗakin canza kaya. Yawancin kulob ɗaki guda ne na manya da yara. Hanya mafi sauƙi ita ce yara su zo a shirye daga gida, takalmi kawai za su canza. Inda hakan bai yiwu ba, a ware musu lokaci, a manna sanarwa a ƙofa. Ba a fito da waya a wannan ɗaki, babba ko yaro.

Mota. Koci ba ya ɗaukar yaro shi kaɗai. Iyaye su shirya jigila a tsakaninsu, ko a sami manya biyu a mota, yara a kujerar baya. Idan tafiya ce ta kwana, babba ba ya kwana ɗaki guda da yaron da ba nasa ba, kuma a raba wa iyaye jadawalin tafiyar da sunan masauki tun da wuri.

Waya. Yau an fi farautar yara ta nan fiye da ta lungun bishiya. Saƙo ya bi ta wayar iyaye, ko ta zauren WhatsApp da iyaye ke ciki. Koci ba ya tura wa yaro saƙo shi kaɗai, ba ya ƙulla abota da shi a Instagram ko Snapchat ko TikTok. Bidiyon bugu da ake ɗauka don gyara kuskure, a ɗauka da izinin iyaye, a tura musu, a goge daga wayar koci. Hoton da kulob zai wallafa kada ya haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da lokacin da yake zuwa atisaye.

Kyauta. Sandunan golf suna da tsada, saboda haka mamban da ya ba yaro tsohuwar jakarsa ya yi abin kirki. Amma kyautar ta bi ta hannun kulob ko iyaye, a sani. Mai son lalata yaro haka yake farawa: ya ware guda, ya yi ta yi masa alheri, ya saba da iyayen, ya ce "wannan tsakaninmu ne", har yaron ya ji ana binsa bashi. Kalmar "kada ka faɗa wa kowa" ita nake koya wa yara su ɗauka a matsayin ƙararrawa.

Ga 'yan shekara 16 da 17 ma dokar ba ta sassauta ba. A Ingila da Wales, tun 2022 doka ta sa kocin wasanni cikin masu riƙe da amana, wato laifi ne ya yi alaƙar jima'i da ɗan wannan shekaru da yake koyarwa. Ko dokar ƙasarku ba ta kai nan ba, ku rubuta shi a ƙa'idar kulob: wanda ya yi, ya bar aiki.

Mataki na 6: Sanda, ƙwallo, tsawa

Ƙwallon golf bai kai giram 46 ba, amma daga sandar babban mutum yana iya fita da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Duk da haka raunin da na fi gani a wurin ƙananan yara na sanda ne, wani ya lilo ta ɗan'uwansa na tsaye a baya. Ka shata layi biyu a filin atisaye: na masu bugu, da tazarar aƙalla mita uku tsakanin yaro da yaro, sai na masu jira can baya, kuma mai jira ba ya riƙe sanda. Bahago a kai shi ƙarshen layi ta dama, don ya fuskanci sauran maimakon su juya wa juna baya. Ba mai fita tsintar ƙwallo sai koci ya ce kowa ya ajiye sanda. Ka koya musu ihun gargaɗi na "fore" tun ranar farko, da abin da ake yi idan an ji shi: a duƙa, a rufe kai da hannu, ba a ɗaga ido a nemi ƙwallon ba.

Tsawa ba a wasa da ita a fili irin wannan. Doka ta 5.7 a dokokin golf ta ba ɗan wasa damar tsayawa da kansa idan yana ganin akwai haɗarin tsawa, amma yaro ba zai yi hakan a gaban manya ba, don haka kai za ka yanke. Busa ƙaho guda mai tsawo na nufin a tsaya nan take, gajeru biyu na nufin a ci gaba. A shiga gini mai bango ko mota mai rufin ƙarfe. Gindin bishiya, buɗaɗɗiyar rumfa da ƙaramar motar fili ba mafaka ba ne. A jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe. Ita ƙaramar motar filin ma, yaro ba ya tuƙa ta. Ranar zafi kuma a tabbata kowa na da ruwa da hula, ƙanana su tsaya a rami tara ko ƙasa da haka.

Mataki na 7: Waɗanda ake mantawa da su

Inda yara ke aikin ɗaukar wa 'yan wasa jaka, su ne suka fi kowa zama cikin haɗari: suna bin babba guda na awa huɗu, abin hannunsa suke jira, kuma galibi ba a san iyayensu ba. Duk abin da na lissafa a sama ya hau kansu. A yi musu rajista, a bi dokar ƙasa kan shekarun fara aiki, a duba nauyin jaka don cikakkiya takan kai kilo 10 ko fiye, kuma su ma su san jami'in da za su je wa.

Cutarwa kuma ba daga baƙo kaɗai take zuwa ba. Akwai manyan yara masu cin zalin ƙanana, akwai uban da ke zagin ɗansa a bainar jama'a don ya ɓarar da bugu. Irin wannan uba nakan ja shi gefe bayan wasa, in tuna masa takardar da ya sa wa hannu. Yara ba sa zama a mashayar kulob, kuma ba a sa su cikin caca ko da ta ƙaramin kuɗi ce.

Mataki na 8: Idan yaro ya faɗa maka wani abu

Ba zai zo da sallama ya ce yana da rahoto ba. Zai faɗa ne kuna tafiya, ko yana ɗaure takalmi, kuma zai fara da ɗan kaɗan don ya ga yadda fuskarka za ta yi. Ka natsu. Ka saurara, kada ka katse shi. Ka ce masa, "Ka kyauta da ka faɗa mini. Ba laifinka ba ne."

Kada ka yi alkawarin rufe maganar. Idan ya ce ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba, ka ce masa da taushi, "Ba zan baza ba, amma dole in faɗa wa wanda aikinsa ne ya taimake ka." Kada ka sa masa magana a baki. "Sai me ya faru?" tambaya ce mai kyau. "Wane ne ya taɓa ka a wuri kaza, ko ba haka ba?" tana iya rusa shari'a gaba ɗaya. Da ka ji abin da ya isa ka san akwai damuwa, ka daina tambaya. Kada ka duba jikinsa, kada ka ɗauki hoton rauni a wurin da tufafi ke rufewa.

Da kun rabu, ka zauna ka rubuta nan take: rana, lokaci, wuri, waɗanda ke kusa, da kalmomin yaron yadda ya furta su, ko da ba su da daɗin ji. Ka raba abin da ka gani da abin da kake zato. Ka sa hannu.

Idan yaron na cikin haɗari a lokacin ko yana buƙatar likita, 'yan sanda da asibiti ne farko. In ba haka ba, rahoto ya isa ga hukumar kula da yara ko 'yan sanda a ranar, sannan hukumar golf. A Amurka doka ta ba manyan da ke ƙarƙashin hukumomin wasanni awa 24 ne kacal, kuma ni ma wannan wa'adi nake bi ko'ina. A sanar da iyaye, sai fa idan zargin ya shafi wani a gidan, a nan hukuma ce za ta faɗi yadda za a yi. Idan akwai saƙonni a waya, kada a goge. Idan hotunan tsiraici ne, kada ka tura wa kanka ko wani da sunan adana hujja, don hakan laifi ne a ƙasashe da yawa. A kashe wayar a miƙa wa 'yan sanda.

Abu uku ke lalata irin wannan lamari a kulob. Na farko, a tunkari wanda ake zargi don a ji ta bakinsa, sai ya goge hujja ko ya tsorata yaron. Na biyu, kwamiti ya ce zai yi nasa bincike. Ku ba masu bincike ba ne, aikinku ku miƙa. Na uku, wanda ya fi ci mini rai, a ce a sasanta a cikin gida don kare sunan kulob. Na taɓa zama a wani taro inda aka kawo shawarar a bar mutum ya ajiye aiki salin-alin. Na ƙi, domin wanda aka sallama a ɓoye wani kulob zai koma, inda wasu yaran suke. Wanda ake zargi a dakatar da shi daga hulɗa da yara har hukuma ta gama, a bayyana masa a rubuce cewa dakatarwa ba hukunci ba ce, kuma a tsare sirrinsa kamar yadda ake tsare na yaron.

Mataki na 9: Littafin ƙananan abubuwa

Yawancin abin da zai zo maka bai kai na 'yan sanda ba. An ga koci ya rage wa yarinya hanya. Wani mamba na yawan neman a haɗa shi da yaro guda. Yaron da ke ɗokin atisaye ya fara ƙin zuwa ranar da wani ke koyarwa, ko ya koma shiru, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ka rubuta kowanne a littafin nan mai ɗinki, ka yi wa wanda ya karya ƙa'ida magana a ranar, cikin mutunci. Sau da yawa rashin sani ne, kuma magana guda ta isa. Amma idan suna guda ya fito sau uku daga bakin mutum uku da ba su san da juna ba, ka nemi shawarar hukuma. Ka kuma saba wa koci-koci su kawo rahoton kansu idan larura ta sa sun kauce wa doka, wannan kariya ce gare su.

Mataki na 10: Ɓacewa, jinkirin ɗauka, da bita

Idan an nemi yaro an rasa, babba guda ya tsare sauran a wuri guda, saura su bazu, a fara da bakin ruwa da hanyar mota. A kira iyaye. Ni ba na wuce minti 20 ban kira 'yan sanda ba. Idan kuma ba a zo ɗaukar yaro ba, manya biyu su zauna da shi a wuri mai haske, a yi ta kiran lambobin da ke fom. Ba a kai shi gida a motar mutum guda, ba a kuma miƙa shi ga wanda sunansa ba ya cikin fom sai an ji daga bakin iyaye.

Sau ɗaya a shekara, kafin kakar wasa ta buɗe, ka sake zaga filin, ka sabunta fom-fom, ka duba takardun tantancewa da suka tsufa, ka tara koci-koci da masu taimako ku bi Mataki na 8 baki da baki, wani ya zama yaro wani ya zama mai saurare. Ka nemi minti goma a taron kwamiti ka ba da bayani ba tare da ambaton suna ba. Daga nan ka je filin atisaye, ka tsayar da yara biyar ɗaya bayan ɗaya a gaban kocinsu, har da mafi ƙanƙanta da masu ɗaukar jaka, ka tambayi kowanne: "Idan wani ya yi maka abin da ba ka so a nan, wa za ka faɗa wa?" Idan biyu daga cikinsu suka kasa kiran suna, ka sa ranar da jami'an biyu za su zo su zauna da yaran a makon nan, ka kuma sake duba inda ka manna hotunansu.